Ko Ka San Garmar Da Ke Gina Magudana Ba Da Bututu Ba?

Akwai wata garma wadda ba ta kifar da ƙasa, ba ta kuma tayar da kunya, iyakar aikinta ta ratsa ƙarƙashin gona ta bar dogon rami a bayanta. Ramin nan kuwa, alhali ba a sa masa bututu ba, ba a daɓe shi da kome ba, sai ya zauna yana kwashe ruwa shekara 5, wani lokaci har 10 ko fiye. Manoman Ingila sun san ta tun ƙarshen ƙarni na 18, har yau kuma ana jan ta a can, da Ailan, da Niyu Zilan.

Lalurar da ta haifar da ita ba ta bukatar dogon sharhi. Ƙasar laka ba ta barin ruwa ya nutse, sai ya kwanta, saiwa ta rasa iska, shuka ta yi rawaya ta lalace. Maganin da aka sani shi ne a binne bututu, amma da yake ruwa ba ya tafiya nesa cikin laka, sai an jera su kusa da kusa, tsadar kuwa ta fi ƙarfin yawancin masu gona.

Siffar garmar ita ce doguwar wuƙa ta ƙarfe a tsaye, a gindinta an liƙa wani mulmulallen ƙarfe mai tsini, kaurinsa wajen inci 3, a bayansa kuma da 'yar sarƙa ana jan wani dunƙule wanda ya ɗan fi shi kauri. Idan tarakta ta ja, sai mai tsinin ya huda laka a zurfin inci 18 zuwa 24, dunƙulen ya biyo yana matse bangon ramin yana gogewa, har ya yi sumul. Duk wanda ya taɓa ganin maginiyar tukwane ta cusa yatsa cikin yumɓu ta zare, kafar ta tsaya yadda take, ya riga ya fahimci rabin al'amarin. Hikimar da ta fi ƙayatar da ni a nan ita ce, danƙon nan da ya hana ruwa wucewa, watau ainihin illar gonar, shi ne kuma yake riƙe ramin kada ya rufta. Saboda haka garmar ba ta da amfani a jigawa, inda rairayi zai zube ya cike gurbin nan take, sai a ƙasar da kusan sulusinta, ko fiye, laka ce.

Sauran rabin yana ga wuƙar. Yayin da take keta ƙasa, takan ɗaga ta kaɗan, sai tsage-tsage su buɗe dama da hagu, daga saman gona su gangara zuwa ramin, ta nan ne ruwan sama yake samun hanya. Wannan ya sa sharaɗin lokaci ya yi tsanani ƙwarai: dole saman ya bushe domin ya tsage, can ƙasa kuwa ya kasance da damshi gwargwadon da laka za ta mulmulu ba tare da ta farfashe ba. Manomi yakan haƙo curi daga zurfin da zai yi aiki, ya murza a tafin hannu, in ya miƙe ya yi siriri bai karye ba, to lokaci ya yi. Ana jera ramukan tsakaninsu ƙafa 6 zuwa 10, a ratsa da su ta kan 'yan bututu ƙalilan waɗanda aka lulluɓe da tsakuwa, ruwa ya bi tsakuwar ya sauka ya fita. In ramukan sun toshe bayan shekaru, sai a sake ja.

Ba zan wuce ba sai na ambaci John Fowler, wani injiniya ɗan Ingila wanda ya ziyarci Ailan a 1849, ya ga abin da yunwar da lalacewar dankali ta jawo ta yi wa jama'a, ya ga kuma filaye jiƙe da ruwa ba a noma su, tausayi ya sa ya duƙufa kan gyaran wannan garma. Wadda ya nuna a garin Ekseta na Ingila a 1850 dawakai ne suke juya mata abin naɗe igiya, tana tafe tana jawo guntayen bututun katako da aka zarge a igiya, tana binne su a ramin da ta huda. A 1854, a Linkon, ya maye gurbin dawakan da injin tururi. Daga nan ne kuma tunaninsa ya kai ga yin huɗa da tururin, har ya ci kyautar fam 500 a Cesta a 1858, injunansa na birnin Lids suka kai har gonakin auduga na Masar. Ya rasu a 1864, bayan ya faɗo daga doki wajen farauta, yana da shekara 38.