Ciwon ɓarin kai: ko saiwoyin ƙasar Sin na maganinsa?

Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migiren, ya wuce ciwon kai na gajiya. Yakan kama gefe ɗaya na kai yana bugawa, ya zo da tashin zuciya ko amai, mutum ya kasa jure haske da hayaniya. Yana ɗaukar awa 4 zuwa 72, kuma ya fi kama mata.

A ƙasar Sin, masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba da saiwar wani tsiro mai suna chuanxiong da wata mai suna tianma don wannan ciwo. Sanannen haɗin da ke ɗauke da chuanxiong, Chuanxiong Chatiao San, yana rubuce tun zamanin daular Song, sama da shekaru 700 ke nan. Tsirrai 8 ake haɗawa, har da na'ana'a, a daka su gari a sha da shayi.

Gwaje-gwaje da dama da aka yi a Sin sun nuna raguwar yawan tashin ciwon. Sai dai galibinsu kan mutane kaɗan aka yi su, cikin ɗan lokaci, kuma tsarinsu bai cika ƙa'ida ba. Shi ya sa har yanzu ba a ɗauki waɗannan saiwoyi a matsayin tabbataccen magani ba. Hanyar da ake jira su bi ita ce wadda artemisinin ya bi: daga tsiron Sin aka ciro shi, aka gwada shi sosai, yau yana cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu. Wannan aiki ne ya ba Tu Youyou lambar Nobel a 2015.

Akwai haɗari kuma. Chuanxiong na iya ƙara zubar jini, don haka bai dace da mai ciki ko mai shan maganin tsinka jini ba. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun samu ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba mai ɗauke da tsiron aristolochia. Kwalin da aka saya wajen mai talla a kasuwa, ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

Kafin ku sha irin wannan magani, ku nuna wa likita ko mai farmasi. Idan kuma ciwon kai ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti nan take, domin yana iya zama sanƙarau.