Komawa Koyon Japananci da Waya: Yadda Matashin Daura Zai Tsara Shekararsa

Wasu masu fara koyon Japananci a waya, kallon Naruto ne yake jawo su. Matashi a Daura ko Mai'adua zai sauke Duolingo, ya yi wata guda yana darasi, sai data ta ƙare ko caji ya gagara, jerin kwanakinsa ya tsinke, shi ke nan ya watsar. Mai son dawowa bana, abin da zai fara gyarawa shi ne burinsa. "Zan iya Japananci" ba ya aunuwa, amma haruffa suna ƙirguwa.

Hiragana haruffa 46 ne, katakana ma 46. Biyar a rana, kafin mako uku an gama duka 92. Kanji ne mai nauyi, domin jerin da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010 ya ƙunshi guda 2,136. Sai dai matakin farko na jarrabawar JLPT, wato N5, bai wuce kanji kusan 100 ba. Biyu a mako sun kai 104 a shekara. Jarrabawar matakai biyar gare ta, daga N5 zuwa N1, ana yin ta a Yuli da Disamba.

Bahaushe yana da wata sa'a a nan. Kunnen da ke raba gari na mutane da gari na tuwo zai ji bambancin obasan, wato gwaggo, da obaasan, wato kaka. Bakin da ya saba da baba da babba kuma ba zai sha wuya wajen kite (zo) da kitte (kan sarki) ba.

Batun data kuwa, AnkiDroid kyauta ce a Android, kuma tana aiki ba intanet bayan an sauke katunan. Tana dawo da kalma dab da lokacin da za a manta ta, wadda aka riƙe kuma ta ɗage ta zuwa gaba. Darussan Easy Japanese na NHK World su ma kyauta ne. Gboard na da madannin Japananci, ba sai an sayi komai ba.

Tsarin shekara sai ya yi la'akari da watan azumi, hidimar Sallah, aikin damina da makonnin jarrabawar makaranta. A irin waɗannan lokuta bitar minti biyar ta isa, ba sabon darasi.

Wahalar tana da riba. Gwamnatin Japan na ba da tallafin karatu na MEXT, ana nema ta ofishin jakadancinta a Abuja. Ɗalibin Jami'ar Sufuri ta Daura kuma ya san Japan ce ta buɗe jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen a 1964. Mai wannan buri, haruffa biyar na yau ne aikin da ke gabansa.