Baƙaƙe Huɗu a Gafakar Kaka

Cikin gafakar kakanmu, tsakanin warƙoƙin Ishiriniya, na tsinci wata 'yar takarda wadda tawadarta ta koma ja don tsufa. Hatimi ne mai gida tara, uku-uku. A kusurwoyinsa huɗu an rubuta ba, dal, wau, ha. Sauran gidaje biyar wayam. Ƙanena ya ce, "Yaya, sunan aljani ne, mayar inda ka ɗauko." Ni kuwa sai na nemi fensir.

Wanda ya taɓa zama kusa da masu hisabi ya san kowane baƙi yana da lambarsa a abajada: ba 2, dal 4, wau 6, ha 8. Saura 1, 3, 5, 7 da 9, biyar cif, daidai da gidajen da aka bari. Ƙa'idar irin wannan hatimi kuwa ita ce kowane layi, a kwance, a tsaye ko a karkace, ya ba da jimla ɗaya. Daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45, a raba wa layuka uku, kowane ya tashi da 15.

To, wa zai zauna a tsakiya? Nan na fi daɗewa, har shayina ya huce. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60 ke nan. Amma idan ka bi su da yatsa, za ka ga sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taka sau huɗu. Cire 45 daga 60, saura 15, kuma wannan rarar ta gidan tsakiya ce da aka ƙirga sau uku fiye da kima. Ashe 5 ce, ba ta da mataimaki.

Sai 9. Gidan kusurwa layuka uku yake shiga, alhali 9 hanya biyu kaɗai gare ta ta kai 15: da 5 da 1, ko da 4 da 2. Kusurwa ta fi ƙarfinta. Dole ta zauna a gefe, 4 da 2 su sa ta a tsakiya, 1 ta fuskance ta daga can ƙasa. Daga nan sauran suka faɗa gidajensu da kansu: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7, sannan 8, 1, 6. Na duba kusurwoyi, ga baƙaƙen Kaka nan zaune, kowane a mazauninsa. Hatimin guda ɗaya ne tak, sai dai a juya shi ko a kife shi.

Tsohon abu ne. Sinawa suna kiransa Lo Shu, suna cewa a bayan wani kunkuru aka fara ganinsa. Ikhwanus Safa na Basra sun kawo shi cikin rubuce-rubucensu a ƙarni na 10. Namu kuma, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina da ya yi hajji ya zauna a Masar, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimai masu gida mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. A ganina an fi tuna shi da sirri fiye da lissafi, kuma an rage masa.

Na cike gidajen a wata takarda dabam, na miƙa wa ƙanena ya tara da kansa. Ya tara layuka takwas, yana samun 15, amma har yau bai yarda ya taɓa ta Kaka ba.