Ƙauyukan Ruvuma: Aikin Gayya da Matsalar Iko

Manufar wannan takarda ita ce mu duba abin da kan faru idan talakawa suka ɗauki maganar “ci gaba daga ƙasa” da gaske, har suka fara yanke shawara da kansu. Misalin da muka zaɓa ya fito ne daga kudancin Tanzaniya.

A shekarar 1960 waɗansu samari ’yan jam’iyyar TANU, ƙarƙashin jagorancin Ntimbanjayo Millinga, suka kafa ƙauyen Litowa kusa da garin Songea. Gona ta kowa ce, kuma taron ’yan ƙauye ne ke tsara aiki da rabon amfani, shi ke zaɓen shugabanni. Sannu a hankali wasu ƙauyuka suka bi sahu, suka haɗu cikin Ƙungiyar Raya Ruvuma, wadda ta kai ƙauyuka 17 a 1969. Ta buɗe makarantarta a Litowa, ta kuma sayi injin niƙan masara da injin tsaga katako a Songea.

To, a ganinmu, a nan ne gizo ke saƙa. Manomin da ke da injin niƙa da asusun kansa ba ya zuwa gaban jami’in gwamnati yana roƙo, watau ya fita daga hannunsa ke nan. Jami’an yankin suna matsa wa manoma su noma taba saboda kuɗin shiga, su kuwa waɗannan ƙauyuka abinci suka sa a gaba. Shugaba Nyerere ya goyi bayansu, musamman bayan Sanarwar Arusha ta 1967, domin su ne suka fi kusa da abin da yake nufi da Ujamaa. Amma goyon bayan mutum ɗaya, ko da shi ne shugaban ƙasa, bai hana ’yan jam’iyya ganin ƙungiyar a matsayin kishiya ba. A watan Satumba na 1969 kwamitin tsakiya na TANU ya rushe ta, aka karɓe dukiyarta, aka mayar da harkar ƙauyukan Ujamaa hannun jam’iyya.

Abin lura shi ne ba a zubar da kalmar ba, an riƙe ta. A 1973 aka ba da umurni cewa kowane mutumin karkara ya koma zaman ƙauye kafin ƙarshen 1976, aka kwashe miliyoyin mutane, da yawa ba da son ransu ba, zuwa wuraren da ma’aikata suka shata musu.