Hatimin Mai Unguwa, Satifiket da Lauya: Gaskiya da Ƙarya a Cinikin Fili

Duk inda ake cinikin fili a Kano, akwai maganganun da dillalai ke nanatawa har mai saye ya ɗauka doka ce. Wasu gaskiya ne. Wasu kuwa su ke sa magidanci ya kwashe tarin shekaru ya sayi rigima.

Wadda aka fi ji ita ce: "Ai mai unguwa ya sa hannu, magana ta ƙare." Ba ta ƙare ba. Mai unguwa shaida ne mai daraja, domin ya san gonar wa aka yanka, ya san magada, ya san ko an taɓa kai ƙara a kanta, kuma wanda ya tsallake shi ya yi ganganci. Amma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A birni shi ke ba da haƙƙin zama, a karkara ƙaramar hukuma na bayarwa bisa al'ada. Babu mai unguwa, dagaci ko hakimi a cikin masu wannan iko. Shi ya sa filin awon igiya, komai yawan hatimin da ke kan takardarsa, zai iya faɗawa kan titi ko makaranta a taswirar gwamnati, mai shi bai sani ba sai ya wayi gari da jan fenti a katanga.

Sai masu cewa mai satifiket, wato takardar haƙƙin zama da gwamna ke bayarwa, ba mai iya taɓa shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don satifiket hujja ce mai ƙarfi, ita banki ke nema kafin ya ba da rance. Sai dai tun 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, Kotun Ƙoli ta nuna cewa satifiket ba ta halatta wa mutum filin da wani ya riga shi haƙƙi a kai. Wa'adi gare ta, yawanci shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 28 ya ba gwamna damar soke ta don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba kuɗin fili a kasuwa ba. Ga na jabu, ga waɗanda aka jinginar a banki mai fili ya yi shiru. Kallon takarda ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke nunawa shi ne binciken fayil a ofishin filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A nan ake ganin sunan wa ke rubuce, da ko akwai bashi ko takaddama a kan lambar fulotin.

Maganar cewa sai da amincewar gwamna ake sayar da fili mai satifiket kuwa gaskiya ce tsantsa, ko da yake da yawa sun ɗauke ta dabarar karɓar kuɗi. Sashe na 22 ya wajabta ta, na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne, kuma Kotun Ƙoli ta tsaya a kan haka a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Wanda ya biya ya ajiye satifiket da sunan tsohon mai fili a akwati, a idon gwamnati filin bai zama nasa ba tukuna.

A Abuja kuma, Ministan Babban Birnin Tarayya kaɗai ke rabon fili. Takardar basarake ba ta tsayawa a matsayin tasa.

Filin gado ya fi ba ni tsoro. Ana cewa in babban wa ya yarda, kowa ya yarda. Ƙarya ce. A shari'ar Musulunci kowane magaji, mace ko namiji, yana da kasonsa, kuma ba mai sayar da rabon wani sai da wakilcinsa. Ƙanwar da ke aure a Zariya ko marayan da bai balaga ba na iya tasowa bayan an yi rufi. A nemi takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun duk magada gaban shaidu.

Game da lauya, mutane na cewa ai na masu shari'a ne, kawo shi rashin yarda ne, ga kashe kuɗi. A tuna dai la'adar dillali ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi ya kamata ya ce maka "tsaya tukuna" ba. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, shi zai binciki fayil, ya sa safiyo ya gwada duwatsun iyaka da abin da ke taswira, ya tambayi hukumar tsara birni ta KNUPDA ko wurin na gidan zama ne, ya rubuta yarjejeniyar da za a iya yi wa rajista. Duk wannan kafin a ba da ko da kafin alƙalami. In an zo biya, a tura ta banki zuwa asusun mai sunan da ke cikin fayil, a rubuta lambar fulotin a takardar karɓar kuɗi.