Ɗigon fentin da ke jikin sifirin ɗin mota: Abin da mai sayen kayan Beljiyam ya kamata ya duba

A kasuwar kayan gyaran motoci ta Apo da ke Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, za ka tarar da sifirin na ƙafar mota an jibge su tsibi-tsibi, baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya. Mai saye yakan ɗaga guda ya jera shi da wanda ya karye, idan tsayinsu ya zo daidai sai a yi ciniki. Kaɗan ne ke goge ƙurar ƙarfen su dubi 'yan ɗige-ɗigen fenti da ke gefensa, ja ko shuɗi ko kore ko fari, alhali su ne shaidar da kamfani ya bari.

Kamfanoni irin su Volkswagen da Audi da Mercedes-Benz da BMW ba sa ɗaura wa samfurin mota guda sifirin iri ɗaya. Dalili shi ne nauyi. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991 kuma har yau take jigilar fasinja a garuruwanmu, ta fito da injin fetur da na dizal, da giyar hannu da otomatik, da gajeren baya da dogo. Injin dizal ya fi nauyi, saboda haka sifirin ɗin gabansa ya fi tauri. Bambancin kaurin ƙarfen kan yi ƙanƙantar da ido ba zai kama ba, shi ya sa ake ɗiga fenti a masana'anta, domin mai harhaɗa mota ya gane wanda zai ɗauka nan take.

Launi da adadin ɗigon da yadda aka jera su duk suna cikin lissafi. Ɗigo biyu shuɗaye da fari ɗaya daban yake da shuɗi ɗaya da farare biyu. Sai dai a kula, babu wata ƙa'ida da ta haɗa kamfanonin: abin da ja ke nufi a Volkswagen ba shi yake nufi a BMW ba. Zancen da ake yi a wasu garejoji cewa ja ya fi kowanne ƙarfi ba shi da madogara.

A motocin Volkswagen akwai wata farar takarda da ake mannawa a but, kusa da safayar taya, da kwafinta a littafin sabis. Tana ɗauke da lambobi masu harafi uku-uku, irin su 0YA da 0YB, waɗanda ke nuna rukunin nauyin motar. Da su da lambar shasi mai haruffa 17 dillali ke gano launin da ya dace.

Idan aka yi kuskure, motar ce za ta faɗa. Mai laushi yakan sa ta durƙusa, gindinta ya riƙa dukan tudun rage gudu, shokozoba ta mutu da wuri. Mai tauri fiye da kima kuwa ya ɗaga ta, ta riƙa tsalle a gargada. Mafi muni shi ne a haɗa iri biyu a dama da hagu, domin motar za ta karkace, taya ta ci gefe guda, kuma a kwana ko birkin gaggawa ba za ta zauna daidai ba. Ga direban Sharan da ya ciko fasinja da kaya daga Abuja zuwa Jos, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Kayan Beljiyam suna da tasu matsalar. Gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe, yakan cinye fentin, yakan kuma karya zagayen ƙarshe na sifirin ba tare da an lura ba. Sababbin da wasu kamfanoni irin su KYB ke ƙerawa kuwa da lambar kaya ake gane su, ba lallai su zo da launin asali ba.

Kafin bakanike ya kwance tsohon, a wanke shi da ruwa da tsumma, kada a kankare da burushin ƙarfe, a ɗauki hoton ɗigon da waya, sannan a sayi biyu masu alama iri ɗaya ko da guda ne ya karye. Idan motar ta taɓa shan canji a hannun mai ita na baya, takardar but ta fi abin da ke ƙafarta zama abin dogaro.