Ɓargon Haƙori da Yadda Jijiyoyin Jini Ke Tsirowa a Cikinsa



Bahaushe yakan kira abubuwa da dama da sunan jijiya. Wadda ke ɗaukar jini jijiya ce, wadda ke kai saƙon zafi ga ƙwaƙwalwa ita ma jijiya ce. Saboda haka in an ce wa mutum za a kashe masa jijiyar haƙori, sai ya ɗauka zafin kaɗai za a kashe, alhali ran haƙorin ne zai tafi. Wannan shi ne abin da nake so mu duba a yau.

Haƙori hawa uku ne: ɓawon waje mai ƙyalli, sai ƙashin da ke ƙarƙashinsa, sa'an nan wani nama mai taushi a tsakiya, wanda za mu kira ɓargon haƙori. Jini na shiga wannan ɓargo ta wata 'yar ƙofa a ƙarshen saiwa. Manomin shinkafa a fadamar Augie ya san cewa in hanyar ruwa ta toshe, shuka ta mutu. Haka abin yake a nan.

To, yaya sababbin jijiyoyin jini ke tsirowa? A 1971 Judah Folkman, wani likita a Amurka, ya nuna cewa ƙari ba ya girma sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware sinadarin da ke wannan aiki, aka sa masa suna VEGF. Irin waɗannan su ake kira sinadaran haɓaka, watau 'yan aike da ke umartar ƙwayoyin jiki su hayayyafa. A shekarar 2000 masu bincike a Birmingham ta Ingila suka gano cewa akwai su ajiye cikin ƙashin haƙori. A wannan shekara kuma Stan Gronthos da Songtao Shi suka samu ƙwayoyin asali a ɓargon, masu iya gina sabon ƙashi.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ƙwayoyin cuta sukan ci sukarin da ya maƙale a haƙori, su fitar da tsami mai narkar da ƙashi. Narkewar nan ce ke sakin sinadaran da ke ajiye. Su kuwa sai su kira jijiyoyin jini su yi rassa zuwa wurin raunin, su kawo abinci da iska, har a gina sabon bango tsakanin kogon da ɓargo.

Amma fa ɓargo a ɗaki mai tauri yake zaune, ba shi da wurin kumbura. In kogo ya yi zurfi, kumburi da ƙwayoyin cuta sukan rinjayi gyaran, jini ya tsaya, ɓargon ya mutu. A lokacin nan zafi yakan lafa, mai shi ya ce ya warke, can kuma sai mugunya ta taru a gindin saiwa.

Saboda haka wanda ya ji haƙorinsa na tsami in ya sha ruwan sanyi, kada ya ce sai bayan girbi. In ya isa wurin likitan haƙori a Birnin Kebbi ko Sakkwato da wuri, sau da yawa akan kankare ruɓar a cike kogon, ɓargon ya ƙarasa sauran aikin da kansa. In ya makara, sai kashe jijiya ko cirewa. Tun ran gini ran zane.